Shari'a ta raba gona, wa zai raba hali?

Baban Nusaiba (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga malamanmu da lauyoyinmu ce, amma kowa ya sa baki. Na kusa aje aiki, na fara tattara takarduna ina son in rubuta wasiyya. Abin da na mallaka ba shi da wani yawa: gidan da muke ciki, fadamar shinkafa da na gada wurin mahaifina a wajen Argungu, sai abin da ke asusun fansho. Ina da mata biyu da 'ya'ya biyar masu rai, maza biyu mata uku. Babban ɗana Allah ya yi masa rasuwa, ya bar yara biyu suna hannuna. Iyayena duk sun riga mu gidan gaskiya. Abu biyu nake so. Na farko in rubuta cewa fadamar nan kada a sayar kuma kada a yanka ta, a ci gaba da nomanta tare kamar gandu, don ita ta riƙe zumuncin gidanmu tun zamanin kakana. Na biyu in rubuta wa yaran doguwar takarda a kan abin da duniya ta koya mini, game da bashi da amana da zama da mutane. Shin na farkon yana da ƙarfi a shari'a? Na biyun kuma yana da amfani, ko ɓata tawada ne?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Haba Alhaji, ko garatuti ba ka karɓa ba ka fara maganar wasiyya? A gidanmu in tsoho ya fara irin wannan zance sai mata su fara kuka, a ce ya ga wani abu.

Malam Na-Gwandu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Jega, wannan tsoron ba shi da asali. Hadisin Abdullahi ɗan Umar yana cikin Bukhari da Muslim, cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Ba a ce sai ya kwanta ciwo ba. Alhaji ma ya makara ne, bai yi gaggawa ba.

To Alhaji, ga amsar ta farko. In mutum ya rasu, abin da ya bari ana bi da shi daki-daki. A fara da kuɗin likkafani da jana'iza, sai a biya bashi, sai a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyyar kuma tana da iyaka biyu. Ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, saboda hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Iyaka ta biyu, ba a yi wa magaji wasiyya, don Allah ya riga ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176.

Saboda haka daga ranar da rai ya yi halinsa, fadamar nan ba taka ba ce, ta magada ce. In ka rubuta kada a yanka, shawara ka bayar. Suka bi, Allah ya yi musu albarka. Ɗaya daga ciki ya je gaban alƙali ya ce a fitar masa da rabonsa, alƙali zai fitar masa, takardarka ba za ta hana ba.

Baban Nusaiba: Allah ya gafarta Malam, ke nan ba ni da ta cewa a kan gonar ubana?

Malam Na-Gwandu: Kana da ta cewa, amma yanzu, da ranka da lafiyarka. Zan zo kan wannan. Akwai abin da ya fi fadamar gaggawa a bayaninka, kuma ba ka yi tambaya a kansa ba. Jikokin nan biyu da ke hannunka ba su da gado a dukiyarka. Ubansu ya riga ka rasuwa, baffanninsu biyu suna raye, sun shamakance su. Ranar rabo za su zauna suna kallo a ba kowa, su ba su da ko taƙi ɗaya sai abin da aka ga dama aka miƙa musu. Amma da yake ba magada ba ne, wasiyya ta halatta gare su, har zuwa sulusi. Bari in buga misali da lissafi mai sauƙi. A ce bayan jana'iza da bashi dukiyar ta tsaya a naira miliyan 12. Ka yi wa marayun wasiyya da sulusi, miliyan 4 ke nan. Saura miliyan 8. Matanka biyu su raba sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 1, kowace dubu 500. Miliyan 7 da ta rage a kasa ta bakwai, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Ba dole ne ka ba su sulusin duka ba. Malamai da yawa sun fi son a yi ƙasa da shi, kuma kana iya auna abin da ubansu zai samu da yana raye ka tsaya a nan.

Baban Nusaiba: Inna lillahi. Ni duk zatona rabon ubansu zai sauko kansu.

Barista (Birnin Kebbi): Mutane da yawa haka suke zato, Alhaji, kuma shi ya sa marayu ke cika farfajiyar kotu. A Masar tun 1946 suka yi doka da ta tilasta a fitar wa irin waɗannan jikoki kaso ko kakan bai rubuta ba. Mu a nan kotunan shari'a mazhabar Malikiyya suke bi, babu wannan tilas. In ba ka yi wasiyyar ba, shi ke nan.

In ƙara da ɓangaren dokar ƙasa. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron ƙararrakin waƙafi da kyauta da wasiyya da gado, in mai dukiyar Musulmi ne. Don haka a rubuta takardar da harshen da alƙalin shari'a zai gane, a faɗa ƙarara a farkonta cewa kai Musulmi ne kuma kana son a raba abin da ka bari bisa shari'ar Musulunci. Na faɗi haka ne don akwai tsohuwar shari'ar nan ta 1971, Adesubokan da Yunusa, inda Kotun Ƙoli ta bar wasiyyar wani Musulmi ta tsaya duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya, saboda an rubuta ta ne a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837. Kada a kwafo fom daga intanet a cike a jawo wa yara irin wannan gardama.

Sai kuɗin fansho. Wanda ka rubuta a fom a matsayin makusancinka ba shi ne mai kuɗin ba. Shi mutum ne da za a nema in wani abu ya faru. Kuɗin na magada ne gaba ɗaya, kuma kamfanin fansho ba ya sakinsu sai an kawo takardun kotu. Na ga gidajen da babban ɗa ya riƙe komai yana cewa ai sunansa Baba ya rubuta.

Maman Khalifa (Yauri): Ina gaida manya. Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, a matsayin 'ya nake magana. Kalmar nan "kada a raba, a noma tare" mu mata mun san inda take ƙarewa. Haka aka ce da gonar mahaifinmu. Yayyenmu maza suna gari, mu aure ya kai mu wasu wurare. Su ke noma, su ke girbi, su ke da makullin rumbu. Shekarar farko aka aiko mana da buhu-buhu, ta biyu aka ce ambaliya ta ci, daga nan shiru. Da muka yi magana sai aka ce muna son mu karya wasiyyar Baba, dangi suka taso mana kamar mun yi saɓo. Ƙarshe aka yi wa gonar kuɗi a zaure, babu ɗayanmu a wurin, da farashin da ko filin kiwon awaki ba ya yi, aka ba mu namu a leda. Yau ba na iya kwana a gidan da aka haife ni. To zumuncin da aka ce gonar za ta riƙe, ina yake?

Ka ce kana son ka koya wa yaranka amana. Ni a ganina darasin da za su fi ɗauka shi ne yadda ka bar wa 'yan'uwansu mata. In suka ga ubansu ya auna gonar nan da ransa, ya kira 'ya'yansa mata ya nuna musu iyaka, ya gaya wa mazan a gaban shaidu cewa ga haƙƙin ƙannenku, wannan ya fi shafi hamsin na nasiha.

Ɗan Jega: Maman Khalifa kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wasa na yi ɗazu, yanzu da gaske nake. Ni ban yarda da takardar nasihar nan ba sam. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya shekara talatin yana kallon ubansa, ya ga yadda yake awo a kasuwa, ya ga ko yana ɓuya in mai bin bashi ya yi sallama, wace takarda ce za ta canza shi ranar sadakar uku? In ka yi tarbiyya ba ka bukatar takarda, in ba ka yi ba takarda ba ta cetonka. A kasuwar Jega mun ga 'ya'yan manyan 'yan kasuwa da aka bar wa shaguna da nasiha, kafin a yi arba'in an fara kiran dillalai.

Hajiya Inna (Argungu): Ɗan Jega, ɗana, tsaya in ba ka nawa. Ni ban yi boko mai nisa ba, jikata ka rubuta min wanga. Maigidana basarke na, su da kamun kihi yat tashi, daga baya yak koma saye da sayarwa. Da yar rasu munka buɗe akwatinai, ba kuɗɗi munka tarar ba, wani littahi na da yar rubuta da ajami. Gaba ɗaya bashi na. Wanga gehe waɗanda ka bin shi, wancan gehe waɗanda shika bi. Har kuɗɗin gyaran jirgi da ba su kai a yi magana ba ya rubuta. Ƙarƙashin wasu sunaye kuma ya sa "na yahe, kada a tambaye shi". Ɗiyanmu maza sunka ɗauki littahin sunka bi gida gida suna biya, tun ba a yi bakwai ba. Wani tsoho da sunka je ma, kuka yay yi, yac ce shi ya manta da kuɗɗin. To yaran nan sun san ubansu mai gaskiya na, amma ba su san iyakar abin ba sai da sunka ga rubutu. Yau babbansu shi ma yana da irin littahin. Kak ka ce takarda ba ta aiki.

Malam Na-Gwandu: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ya yi aiki da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ayar rubuta bashi. Ɗan Jega, maganarka ta tarbiyya gaskiya ce, amma ba ta kore ɗayar ba. Annabi Yaƙubu ya tarbiyyantar da 'ya'yansa tsawon rai, duk da haka da mutuwa ta zo masa ya tara su ya tambaye su me za su bauta wa a bayansa, yana nan a Baƙara aya ta 133. Wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa babu ko sisi a cikinta: kada ka yi shirka, ka tsai da salla, ka yi haƙuri da abin da ya same ka, kada ka karkatar da kuncinka ga mutane, ka sassauta muryarka. Kuma mu nan Gwandu shaida ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kusa shekara ɗari biyu a kabarinsa. Wa zai iya nuna maka dokinsa ko rumbunsa? Amma tafsirinsa da littattafansa na shari'a da mulki har gobe ana buɗe su a zaure.

Na-Aliero: Ina neman izinin manya. Mu a Aliero an san mu da albasa da ɗori, kuma ɗorin gado ne. Kakana bai taɓa rubuta ko harafi a kan yadda ake kama karaya ba, hannu a kan hannu ya koya wa babana da baffannina. A nan ina bayan Ɗan Jega. Amma akwai abin da hannu ba ya koyarwa. Kakan yana da ƙa'idarsa, ba ya yanka kuɗi kafin ya taɓa majinyaci, kuma wanda aka kawo daga nesa ba shi da masauki a gidanmu yake kwana ya ci tuwonmu. Da ya tsufa wani ƙanena ya ɗauki muryarsa a waya yana bayanin dalilin haka, ya ba da labarin yadda aka taɓa yi masa irin wannan alheri a wani gari yana saurayi. Yanzu duk lokacin da gardamar kuɗi ta taso a gidan, wannan muryar ake kunnawa, kowa ya yi tsit. Shawarata Baba, in rubutu zai yi maka nauyi ka yi magana a ɗauka. Kuma ka ba da labari, kada ka tsaya a "ku yi kaza, ku bar kaza". Wannan kowa ya ji shi a huɗuba.

Ɗan Jega: To ai kun dawo kan maganata. Littafin maigidan Hajiya da muryar kakanka sun yi tasiri ne don mutanen sun riga sun rayu a haka. Da maƙetaci ne ya bar su, dariya za a yi.

Maman Khalifa: Wannan kam ba mai musu.

Baban Nusaiba: Na gode ƙwarai. Maman Khalifa, maganarki ta shige ni, don ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Malam, ka ce za ka dawo kan abin da zan iya yi da raina.

Malam Na-Gwandu: Hanya biyu ce, kyauta ko waƙafi, wanda littattafanmu ke kira hubusi. Dukansu a Malikiyya suna rataye da sharaɗi guda da mutane ke yawan tuntuɓe a kansa, wato hauzi: abin ya fita daga hannunka ya shiga hannun wanda aka ba, tun kana da lafiya. In ka ce "na ba wane gonar nan" amma kai ke nomanta kai ke cin amfaninta har ka rasu, kyautar ta ɓaci, ta koma gado. In kuma sai da ciwon ajali ya kama ka ka bayar, hukuncin wasiyya take ɗauka, ta koma cikin sulusi, kuma ba ta zarcewa ga magaji sai sauran sun yarda. A kyauta kuma a ji tsoron Allah a daidaita tsakanin 'ya'ya. Mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da kyauta ya zo neman Annabi (SAW) ya yi shaida, Annabi ya ƙi.

Waƙafi shi ya fi kusa da abin da kake nema. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara, Annabi ya ba shi shawarar ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Kana iya yin haka da fadamar ko wani yanki nata, ka ce amfanin na zuriyarka ne, ko na karatun yaran gidan, ko na marayun dangi. Malikiyya ma ta yarda a yi shi na ƙayyadadden lokaci, a ce shekara ashirin, sannan ya dawo. Amma Maman Khalifa ta saurara: a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Halil ya lissafa waƙafin da aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata cikin waɗanda suka ɓaci. Malamanmu sun san wannan dabarar tun da daɗewa.

Ni dai ra'ayina, kada ka tsare fadamar duka. Magadanka ba masu kuɗi ba ne, wani zai bukaci rabonsa ya yi jari ko ya yi gini. Ka tsare yanki kaɗan da zai riƙa tara su shekara-shekara, sauran ka bar wa rabon Allah.

Barista: In za a yi waƙafin a rubuta shi daban, a auna filin, a sa iyakoki da sunayen maƙwabtan gona ta gabas da yamma da kudu da arewa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsu, don haka a bi ta can a samu amincewa, kada a tsaya a shaidar mai unguwa kaɗai. Sannan roƙona, Alhaji, ka raba takardar nasiha da takardar dukiya. In ka gauraya su, jimla irin "ina fata wane ya riƙe gidan" za ta zama abin shari'a, wannan ya ce umarni ne, wancan ya ce fata ne.

Malam Na-Gwandu: Kuma a sa shaidu adalai biyu. A mazhabarmu in an tarar da wasiyya da rubutun hannun mamaci amma bai kafa shaida a kanta ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a zartarwa, don ana iya cewa ya rubuta ne yana tunani daga baya ya fasa.

Hajiya Inna: Malam, ku yi maganar mata kuma. Sumuni dai an ji, mata biyu su raba. To in anka sai da gida, tsohuwa ta nuhi ina bayan ta gama takaba? Ni Allah ya ba ni ɗiyan kirki. Kishiyata ba ta haihu ba, da ba mu riƙe ta ba da sai gidan ƙanenta. Alhaji ba shi iya ba matanshi ɗakunansu tun yanzu?

Malam Na-Gwandu: Tambaya mai nauyi, Hajiya. A nan ma hauzi ne ke kawo cikas. Malamanmu sun ce in mace ta ba mijinta gidan da suke zaune kyauta, ya inganta, amma in miji ne ya ba matarsa gidan da shi ma yake ciki bai fita ba, hauzi bai tabbata ba, tunda shi ke da nauyin ba ta wurin zama. Abin da ya fi tsafta shi ne ya mallaka mata wani abu da za ta karɓa a hannunta yanzu, fili ko shago ko dabbobi, da takarda da shaidu, kuma ya yi adalci tsakanin matan. In akwai sauran sadaki ko kuɗinta da ya ranta, ya rubuta, wannan bashi ne, kafin gado ake fitar da shi. Sauran kuma sai takardar nasihar ta yi aikinta. Nan ne wurin da zai ce wa yaran kada su tada uwayensu daga ɗakunansu.

Ɗan Zuru: Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, amma maganar ta shafe mu. A Littafin Misalai 13:22 an ce mutumin kirki yakan bar wa jikokinsa gado, kun ga mun haɗu da Malam a kan jikoki. Tambayata ita ce, a ƙasar Zuru gida ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista, uwa ɗaya uba ɗaya. Yayana Musulmi ne, mahaifiyarmu Kirista, shi ke ɗauke da ita. In ya riga ta, me ke nan?

Malam Na-Gwandu: Sannu Ɗan Zuru. Ba a gado tsakanin addini biyu, wannan hukunci ne tabbatacce. Amma tunda ba magajiya ba ce, wasiyya ta halatta gare ta daga sulusinsa, kuma kyautata wa uwa wajibi ne ko ba a addini ɗaya ake ba, Suratu Luƙman aya ta 15 ta faɗa. Ka gaya wa yayanka ya rubuta, kada ya bar ta ga tausayin magada.

Ɗan Zuru: Na gode Malam, yau zan kira shi.

Barista: Ƙaramin abu kafin in manta. Yanzu rabin dukiyar mutane tana cikin waya, asusu a banki uku, wani a Opay, wani a Moniepoint, iyali ba su san da su ba. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana miƙa kuɗinsa ga Babban Bankin ya ajiye. Magada suna iya nema, amma sai sun san akwai shi. A rubuta sunayen bankunan da lambobin asusu a aje tare da wasiyya. Lambar sirri kuma ba a bayar da ita don wani ya kwashe kafin rabo, wannan cin haƙƙin sauran ne.

Hajiya Inna: Alhaji, in ka zo rubuta taka takardar, kak ka zuba hushi ciki. Duk ɗan da yab ɓata maka rai, kira shi ku yi ta yanzu. In ka rubuta ka tahi, ba shi da inda za shi ba ka haƙuri, da shi za shi zauna har nashi ajali.

Maman Khalifa: Allah ya ƙara girma, Inna. Malam, tambaya ta ƙarshe. In an yi waƙafin, dole ne namiji ya zama mai kula da shi? Don in makullin rumbu ya sake komawa hannun maza kaɗai, an dawo gidan jiya.

Malam Na-Gwandu: Ba dole ba ne. Sharaɗin shi ne amana da iya aiki. Waƙafin Sayyidina Umar da na ambata, 'yarsa Nana Hafsa ya rubuta ta kula da shi bayansa, alhali yana da 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdullahi. Mai waƙafi yana iya naɗa mutum biyu, ya kuma shar'anta a riƙa karanta lissafin girbi a gaban kowa duk shekara.

Baban Nusaiba: To a cikin 'ya'yana mata, ta biyun ce ta karanta lissafin kuɗi, amma tana aure a Kamba. Barista, zama a wani gari yana hana a naɗa ta?

Barista: Ba ya hanawa. Ka haɗa ta da ɗaya daga cikin mazan da ke kusa da gonar, shi ya tsaya kan noma, ita ta riƙe littafi, kuma a rubuta cewa ba a sayar da buhu ko ɗaya sai da sa hannun su biyun. Ka fara zuwa da takardun fadamar mu ga ko sunan mahaifinka ne har yanzu a kansu, don in ba a taɓa raba ta tsakaninka da 'yan'uwanka a rubuce ba, daga can za a faro.